Ranar Da Na Yi Kukan Kwaɗo A Gaban Surukai

A zamaninmu rediyo mai batir ya ishi gida guda. Yanzu kowane falo da kayan sauti, kowa kuma gwani ne. Ni ma na yi tawa gwanintar, kuma ba zan taɓa mantawa da ranar da ta ƙare ba.

Na zauna a Khartum, na yi Duwala, na yi Jidda, na dawo Haɗeja da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai nauyin dutsen niƙa. Ra'ayina ɗaya ne: ita ce zuciyar sauti, lasifika kuwa baki ne kawai, abin da aka ba shi zai faɗa. (Nakan maimaita haka da Larabci da Faransanci, don ya fi shiga.)

Abokina Malam Bukar Babarbare ne, ni kuwa Bafulatani, ka san ba ma raga wa juna. Ya ce, "Alhaji, bakin nan naka fa ya sha ruwa." Da gaskiyarsa, ambaliya ta shiga ɗakin ajiyata da damina, lasifikokina suna ciki. Na ce ai sun bushe, na'ura ta gari tana gyara komai.

Ranar walimar auren 'yata, surukai suka zo daga Kafin Hausa, rumfa ta cika bayan la'asar. Na hana a yi hayar kayan sauti. Na jona wayoyi da hannuna, na gyara babbar riga, na ɗauki makirfo zan yi wa baƙi maraba.

"Assalamu alaikum..."

Abin da ya fito kukan kwaɗon fadama ne. Na ƙara murɗa na'urar, kwaɗon ya ƙara girma. Baban ango ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Mata a cikin gida kuwa ba su ɓoye tasu dariyar ba.

Bukar ya ɗaga murya: "Ɗan Fulani, zuciyar lafiya lau, maƙogwaron ne ke mura!"

Da muka buɗe akwatin lasifikar, takardar da ke kaɗawa ta ba da sauti ta ruɓe, zanzaro har ya yi gini a ciki. Bukar ya je gida ya ɗauko lafiyayyun lasifikokinsa da wata 'yar na'ura ta kasuwa da nake rainawa. Liman ya yi addu'a, murya ta fito tar.

Tun daga ranar, lasifika nake fara saurara kafin in tambayi sunan na'ura. Surukaina kuwa mutanen kirki ne, ba su taɓa tada zancen ba. Sai dai duk taron da muka haɗu, ba a miƙo mini makirfo.