Mutum Tara Sun Ƙi Tasowa

Gidanmu mu uku ne: ni, da maigidana, da mahaifiyarsa Iya Kande. Sunansa dai ba zai fito daga bakina ba, amma duk Tungar Kuka an san shi da Yadda-Aka-Ce, don abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Bana kogi ya cika ya shanye mana gonar shinkafa kaf. Da muka ji gwamnati za ta ba manoma tallafin iri da taki da kuɗi don noman rani, har guɗa Iya ta yi, domin in ba mu samu ba, sai dai ya tafi cirani ya bar mu da rumbu wayam.

Wata rana ma'aikata suka sauka a firamare, aka yi shela kowa ya kawo shaidar ɓarnar da ruwa ya yi masa. Mutane suka tafi da takardar mai unguwa. Shi kuwa ya ari amalanke, ya cika ta da laka da ruɓaɓɓiyar shinkafa, ya juye a gaban tebur. Kwaɗi suka yi ta tsalle a kan takardu!

"Malam, mene ne haka?"

"Shaida ce, ranka ya daɗe. Saura sawu shida."

Wata rana kuma aka ce kowa ya ɗauki hoto yana tsaye a gonarsa. Tamu ruwa bai janye ba. Ya kutsa har tsakiya, mai hoto yana can kan tudu. Hoto ya fito, ba komai sai kai da hula.

Ma'aikaci ya ce, "Ina gonar?"

"Ai a kanta nake tsaye."

Wata rana aka manna sunaye a bangon makaranta. Ni na yi aji huɗu, na leƙa ta cikin mayafi na bi su ɗaya bayan ɗaya. Babu namu. Sallau, wanda aka ba aikin rubuta sunayen, ya dafa kafaɗar maigidana ya ce, "Haƙuri za ka yi, gurbi ya cika." Iya ko tuwo ba ta iya ci ba.

Ranar rabo gari ya cika maƙil, buhuna jibge har rufin aji! Wata Hajiya ce shugabar ma'aikatan. Ta ce ba mai karɓar wa wani, kowa da ƙafarsa. Da aka yi ta kiran wasu sunaye shiru, Sallau ya matso ya ce a ba shi ya kai musu. Ta ƙi. Ta hangi maigidana tsaye ba ya komai, ta miƙa masa takardar.

"Bawan Allah, je ka kira min waɗannan, duk inda suke."

Ya kawo min na karanta masa. Cindo Makeri. Baba Ilu. Tanimu Dogo. Haka dai har suna tara. Ya ce, "Na san inda suke," ya zabura. Yara suka bi shi, manya suka bi yara, har makabarta. Ya tsaya ya yi sallama, ya ɗaga murya:

"Baba Ilu! Hajiya tana kira! Cindo, ga taki ya zo!"

Ya dawo yana haki, rabin gari a bayansa.

"Ranki ya daɗe, na kira su sau uku uku. Mutum tara sun ƙi tasowa. Baba Ilu ma shekararsa bakwai a kwance."

Wuri ya ɓarke da salati. Hajiya ta cire tabarau ta waiga neman Sallau, sai takalminsa ɗaya a bakin ƙofa. Nan take ta sa aka karanta sunaye da ƙarfi a gaban kowa, aka soke tara, aka sa masu rai tara. Mai hoton kai da hula shi ne na farko!

Da la'asar ya ajiye buhuna a zaure, ya sake saɓa rigarsa. Na ce, "Ina kuma za ka?"

Ya ce, "Makabarta. Hajiya ta ce wanda bai samu ba a ba shi haƙuri."