Ranar da Gawar Sarki Ta Ruga

Ina koyar da adabi a wata sakandare kusa da Kura, sai na ga aji ya yi wa ilimina kaɗan. Muna karanta wani tsohon wasan Girkawa mai ƙarewa da mutuwar sarki. Su a fili suke wasansu, 'yan kallo a sama, 'yan wasa a ƙasa. Saboda haka na jera ɗalibaina a bakin busasshen kanal ɗin ban ruwa, na sauka ciki, ni ne sarki.

Wani dattijo mai gonar tumatir ya ce, "Malam, yau fa Laraba ce."

Na ce, "Na sani, Baba." Ashe ran Laraba ake sako wa manoma ruwa.

Na gargaɗi ɗalibai cewa ko me zai faru, gawa ba ta motsi, sannan na kwanta na rufe ido. Da na ji ihunsu, na ɗauka gwanintata ce ta ratsa su. Sai na ji sanyi a kunne. Ban san ina da gudu haka ba.

Takalmina ɗaya ya wuce Bunkure. Ɗaliban nan sun zama magidanta, amma duk inda muka haɗu sai sun rusuna sun ce, "Ran marigayi ya daɗe."