Yadda Za Ka Zama Gwanin Naman Kaza a Dajin Ain Draham

Bi matakan nan, na yi maka alkawari sunanka zai zagaye gari kafin damina ta ɗauke. Su ne Chedli maƙwabcina ya bi, lokacin da yake neman auren Wahida, ga shi har yau ana labarinsa.

1. Kaya. Sayi kwando da takalmin ruwa, ka goga musu taɓo. Ilimi a ƙafa ake fara ganinsa.

2. Wuri. Bayan ruwan sama, shiga ƙarƙashin bishiyoyin fernan, waɗanda ake ɓare wa ɓawo. Ɗebi ruɓaɓɓen ganye, ka shinshina, ka ce, "Nan ne." Ko'ina nan ne.

3. Ganewa. Tsinko ɗaya, ka juya hularsa, ka leƙa ƙasanta, ka ce "Hmm." Mai ci da mai kisa kamar Hassan da Hussaini suke, don haka kada ka nuna bambanci. Chedli bai bar ko ɗaya ba.

4. Kai wa surukai. Ya dire kwando gaban Inna Zohra, uwar yarinya, yana cewa, "Da hannuna na zaɓo." Ta dubi kwandon, ta dube shi, ta shige madafa.

5. Kada ka fara ci. Nan Chedli ya yi sake. Da aka kawo kuskus da miyar naman kaza, Baba Mongi, uban yarinya, ya tura masa akushi: "Bismillah, ɗana. Gwani ke buɗe hanya."

"Ina azumi, Baba."

"Da shayi a hannunka?"

Ya ci. Loma ta uku gumi ya keto masa. Ya yi kalmar shahada, ya riƙe hannun tsoho.

"Baba, ku yafe ni! Ban san naman kaza ba. Motar da nake zuwa da ita ma ta ƙanina ce. Aikin Tunis kuma tun bara suka kore ni."

Inna Zohra ta leƙo. "Ci abincinka, ɗan nan. Naka na juye a shara, wannan na kasuwa ne."

Baba Mongi ya zare hannunsa a hankali. "To, tunda ba mutuwa za ka yi ba, maimaita zancen Tunis ɗin."

Wahida ta auri wani mai kantin magani a Jendouba.

Gargaɗi: Ciwon ciki, fasa aure ko jana'iza, duk wanda ya same ka, ba ruwana. Ni ko na gwangwani ba na ci.