Kafaɗar Inna Tabawa

Ba zan taɓa mantawa ba da abin da na fara gani ranar da na shiga ƙungiyar gaɗa ta makarantarmu a Gwarzo: wata tsohuwa zaune a kan kifaffen turmi, tana goga goro a jikin murfin gwangwani. Ba kalangu, ba makaɗi. A shekarar aka fara Shari'a, aka ce maza sun daina shigowa kiɗa makarantar 'yan mata. (Ko ba a hana ba, makarantar da alli ma sai an karya shi biyu ba ta da abin sallamar makaɗi.) Shi ne Malama Rabi ta ɗauko Inna Tabawa daga Getso ta koya mana da baki da tafi.

Ni kunya gare ni, ko sunana aka kira a aji sai na ji kamar in shige ƙarƙashin benci. Abin da ya kai ni, an ce ƙarshen zango za a je Kabo taron 'yan mata, kuma can Goggona take. Duk zuwanta gidanmu sai ta dube ni ta ce, "Wai yarinyar nan tana magana kuwa?" Na ƙudurta sai ta gan ni a tsakiyar fili.

Inna ce ke bayar da waƙa, muna amsawa da tafi. Ɗaya za ta fita ta taka, ta dawo da baya, in baiti ya ƙare ta saki jiki, sauran su cafe ta. Makon farko ko rawa ba ta bari mun yi ba. Tafiya kawai muke yi, in baiti ya ƙare mu tsaya cak.

"Waƙa kamar mai zuwa rijiya take," in ji ta. "Ta fita, ta ɗebo, ta dawo gida ta sauke tulu. Sai ta sauke za ki faɗa. Ke doguwa, ina za ki? Kasuwar Getso?"

Ni ce doguwar. Kowa ya tsaya, ni ina ta tafiya.

Kunnena ya ƙi, amma idona ba ya barin komai ya wuce. Sai na lura duk sanda baiti zai ƙare, kafaɗar Inna ta hagu takan ɗan ɗaga, mayafinta ya zame. Shi ke nan, na samu. Ko ta ja waƙa da gangan don ta kama mu, ni ba ta kama ni. "Tabarkalla, kunnen yarinyar nan!" take cewa, ni kuwa in sunkuyar da kai kamar mutuniyar kirki. Aka zaɓe ni in fara fita a Kabo.

Ranar taro mata ne zalla, fili ya cika. Ga wata Hajiya babbar baƙuwa a kujerar tsakiya, ga Goggo a layin gaba da sabon leshi. Ashe an aiko cewa manya kowa ta zo da hijabi. Sai ga Inna cikin wani na aro, tun daga ka har ƙauri, kamar an kifa mata rumbu. Na nemi kafaɗa, babu ita babu alamarta.

Aka fara. Na fita, na taka, na dawo da baya, idona a kan hijabin nan. Can na ga ya motsa ta hagu. Na ce bismillah na saki jiki.

Ashe hannu Inna ta ɗaga tana nuna Hajiya, ta ƙara wa baitin kirari. Ƙawayena duk hannuwansu na sama suna tafi. Ji kake tim! Takalmina ɗaya ya yi gaba, ɗankwalina ya yi baya, ni kuma na kurma ihun da ban san ina da shi ba: "Wayyo bayana!"

Sai muryar Inna ta fito ta lasifika: "Subhanallahi, 'yar nan, ai ko rijiyar ba mu baro ba!" Aka fashe da dariya, har Hajiya tana share hawaye. Ina kwance na jiyo Goggo tana gaya wa ta kusa da ita, "Tamu ce. Ashe tana da murya."

A motar komawa na faɗa wa Inna gaskiya, kaina a ƙasa. Ta yi dariya har ta ƙware da goro. "Ni ko sanin tana ɗagawa ban yi ba," in ji ta. Ranar na gane in ka yi wa kunne wayo da ido, baya ne zai sha wuya.

Da muka kusa Gwarzo na matsa kusa da ita. Na ce, "Inna, don Allah ki sake koya min tun daga farko. Amma don girman Allah, a kan yashi."