Ranar da Na Duba Indararo a Jidda

Shekarar da ɗan ƙanena Habibu ya ƙudurta sayen gida a unguwar Safa, ya ce zai ɗauko muhandis, wato injiniya, ya duba masa. Na ce, "Ni jikan magina ina raye, ka kira bare?"

Na yi shiga ta alfarma, na isa da sandata cike da zumuɗi. Na ƙwanƙwasa kowane bango ina kasa kunne. Na hau rufi na lalube indararo ɗaya bayan ɗaya, yadda kakana yake yi gabanin damina, na mance cewa a Jidda sama kan yi watanni ba ta zubo ko ɗigo ba. Dillali yana biye da ni yana, "Masha Allah, ya Shaikh," kaina kuwa sai ƙara girma yake.

Daga ƙarshe na tsaya bisa wani murfin ƙarfe a tsakar gida, na daki ƙasa da sanda, na ce, "Halas, magana ta ƙare, gida lafiyayye ne, saya."

Ashe murfin tankin ruwa na ƙarƙashin ƙasa na taka, abin da kowane mai hankali a Jidda yake fara buɗewa. A tsage yake. Da Habibu ya saya suka tare, motar ruwa ta cika shi da hantsi, kafin la'asar ƙasa ta shanye. Iyalin Habibu suka yi mako biyu suna ɗiba a maƙwabta.

Har yau, da hadari ya taso sai Habibu ya bugo waya: "Baffa Muhandis, yalla, taso, ranarka ta zo. Indararonmu suna gaishe ka."