Saƙon Mai Girma Ya Ƙi Saukowa Daga Bene

Abin da na riƙo: laima, gorar ruwa, katin awon matata, da ragowar haƙurin jiya. Motar hayar da na shiga ta kauce hanya ta bi layin mai, da mu a ciki. Direba ya ce mai sauri ya sauka. Na sauka, na ƙarasa ma'aikatar ilimi da ƙafa.

Matata malamar makaranta ce. An tura ta aiki wani gari mai nisa, ga ciki ya tsufa, asibitin can kuwa allon suna kawai gare shi. Ta nemi a dawo da ita kusa da gida kafin ta haihu. A nan dole in yaba. Mai Girma Shugaban Sashe, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya amince. Har ya aika amincewar ta imel, daga ofishinsa na saman bene zuwa ofishin magatakarda da ke ƙasa. Tun watan jiya saƙon yake saukowa.

Magatakarda ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa. Saƙon ya iso, buɗuwa ce ba ya yi. In an matsa masa sai ya zubo 'yan akwatuna da alamun tambaya. Ya ce haka suke fama tun da aka raba sababbin kwamfutoci. Na sama da sabuwar manhaja suke aikowa, tasa kuwa an girka ta tun yana da gashi a ka.

Na tambaye shi me ya hana a ba shi sabuwa, tunda shi ke karɓar saƙonni. Ya yi mini kallon da ake yi wa wanda ya daɗe a waje. Ya ce kwamfuta ai muƙami take bi, kamar kafet da firij. Sabuwa sai daga mataimakin darakta zuwa sama. Wasu ma ba su cire mata leda ba, don kada ta tsufa.

Irin wannan aikin na je na koyo a ƙasar mutane, cikin sanyi. Na ce ya ɗan matsa mini, zan daidaita manhajar kafin shayinsa ya huce. Sai ya rungume kwamfutar da hannu biyu.

"Ɗan'uwa, kayan hukuma ne. In ka gyara, wa zan ce ya ba da izini?"

Na ce to a sake turo saƙon a rubutu zalla, ba ado. Ya ce wato a je a gaya wa Mai Girma saƙonsa bai yi ba, kuma duk ginin babu wanda ya gaji da aikinsa. Na ce a buga shi a takarda, masinja ya sauko da shi. Ya ce an hana. Ma'aikatar ta yi ban kwana da takarda, an yi taro, an yi jawabi, an raba jakunkuna masu tambari. Amma in kwantar da hankalina, an kafa kwamitin sasanta tsoho da sabo. An tura wa 'yan kwamitin gayyata ta imel. Rabinsu ba su iya buɗewa ba.

Maƙwabcina tela ya gargaɗe ni tun da safe. Ya ce in ajiye turancina a gida, in tafi da gaisuwa. Na gaisa da kowa har mai shara, saƙo bai buɗu ba.

Ina kan matakala matata ta kira.

"Sun buɗe, maigida?"

"Suna kan buɗewa."

"To ka gaya musu wannan da ke harbina ba ya jiran kwamiti."

A sama na tarar da sakatariya tana yanke farce. Ta bakin ƙofa na hango kwamfutar Mai Girma, sabuwa fil, an lulluɓe ta da kyalle, an ɗora mata tukunyar fure. Shi kansa ya tafi ƙasar waje taron ƙara wa juna sani kan sadarwar zamani. Ranar dawowarsa kuwa, in ji ta, za a sanar ta imel. Ta tura ƙofa, na ji ta murza makulli.

Gobe zan je in ɗauko matata, da izini ko babu. In sun ga ta bar aiki, su rubuto mata tuhuma. Daga sama za ta fito, ta ofishin magatakarda za ta bi.