Wuƙar Hagu

"Lafiya lau, sai dai kai da aka ce mini ka mutu. Har na sa an wanke mini riga ta zuwa gaisuwa."

"Rabi ne ya mutu. Na taho da ɗaya rabin ya ga ƙarshenka."

Haka maƙeri ya tare mu da tsokana, Yaya ya rama, tun ban gama zaunar da shi a kan kututture a rumfar ƙira ba. Yayana masassaƙi ne. Bara ciwo ya shanye masa ɓarin dama, na dawo da shi gidana, tunda ɗakin marigayi maigidana ba kowa a ciki. Ƙafar ta ɗan dawo, hannun bai dawo ba. Maƙerin kuwa ɗan kawunmu ne, abokin wasan Yaya tun suna tsirara. Yaya na ce masa Gawayi, shi kuma yana ce wa Yaya Gara, wai don cin itace. Duk ƙarfen da Yaya ya taɓa aiki da shi daga wannan rumfa ya fito. Ranar mun tarar ba wuta, tokar ta yi sanyi, ƙura ta rufe zugazugi.

"Me ya kawo Gara maƙera?" in ji maƙerin. "Nan ba abin da haƙoranka za su iya."

"Wuƙa na zo saye. Na tambayi maƙeran kirki, aka ce duk sun mutu, saura kai."

"Ba ɗanka ya aiko maka da na kamfani ba? Na ji labari. Cikin akwati mai ƙyalli, kowace da ɗakinta."

"Ya aiko. Ta farko ta lanƙwashe a kan icen da ɗan yaye zai karya. Sauran na ba ƙanwata, tana yanka albasa."

Gaskiya ya faɗa. Albasar ma sai na danna.

Maƙerin ya jawo wani tsohon buhu, ya zazzage wuƙaƙen da suka rage masa a kan tabarma. Yaya ya riƙa ɗauka da hagu ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ƙwanƙwasa a jikin uwar maƙera, ƙarfen nan da ake dukan ƙira a kai, ya kai kunne, sannan ya juya bakin wajen haske.

"Wannan ta sha wuta da yawa, ranar farko za ta ɓalle. Barci kake yi lokacin da ka tsoma ta a ruwa?"

"Kai nake tunani, hannuna ya yi rawa don takaici."

"Wannan kurma ce, ba ta amsawa. Wannan kuma muryarta irin taka, ba daɗin ji, amma ƙarfen na kirki ne. Daga ina?"

"Sifirin ɗin tsohuwar mota. Ta girme ka, ta kuma fi ka amfani."

"Ƙotar fa? Ta zauna a hannu. Ta wa ka sata?"

"Kai ka yi ta, lokacin da kake mutum."

Yaya ya juya ƙotar a tafinsa, ya shafa inda ya taɓa rage mata ciki don yatsu. Can ya ajiye.

"Duk na dama ne. Ta hagu nake so."

Irin wuƙar da Yaya ke aiki da ita gefe ɗaya ake wasa mata baki. In an yi ta don dama, a hannun hagu sai ta zame ko ta nutse cikin itace. Ni ma sai a jinyar nan na sani, da na ga yana gwada nasa tsofaffin yana ajiyewa.

"Hagu," in ji maƙerin. "Kai da ko da dama kujerunka sai an sa musu dutse a ƙafa ɗaya."

"Kujeruna lafiyarsu lau. Mazaunanka ne a karkace."

"Ba ka ga wuta ta mutu ba? Kowa ya koma kanti. Idona ma ya soma guduna, in ƙarfe na cikin wuta ba na bambance ja da rawaya."

"Dama can da sa'a kake ƙira."

"Ba zan yi ba, Gara."

Wannan karon muryarsa ba ta wasa ba ce. Ya nuna hannun Yaya na dama da ke kwance a cinya, yatsun a dunƙule.

"Wuƙa a hagu, itacen wa zai riƙe? Wannan? In ka yanke shi ba zai faɗa maka ba. Ba ni zan ƙera abin da zai ƙarasa ka ba, in rasa wanda zan zaga."

"A zaune ma ƙarasawa nake yi. Tambaye ta. Bango nake kallo daga asuba har magariba, na san duk tsagar da ke jikinsa. Har na soma gane ƙadangarun da fuska. Akwai ɗaya mai kama da kai."

Na sunkuyar da kai. Ni ce mai kai masa ruwan alwala, na san yadda yake yini.

Yaya ya miƙa ya jawo guntun ice daga tarin da ake yin ƙota. Ya matse shi tsakanin gwiwoyi, ya ɗauko mataccen hannun ya ɗora a kai kamar mai aza dutse. Sannan ya ɗauki wuƙar nan mai ƙotarsa, ya yi bisimilla. Da farko ta zame.

"Sannu da aski," in ji maƙerin. "Iskar ma ta gode."

Ya sake, ta nutse ta maƙale.

"Rijiya kake haƙawa? In ka kai ruwa ka kira ni."

Yaya ya ciji leɓe, ya ɗan kwantar da wuyan hannu, ya tura a hankali. Wani ɓawo siriri ya taso daga jikin icen, ya yi ta naɗewa har ya kai ƙarshe ya faɗo.

"Ka gani? Da wuƙarka ta banza ma, ta hannun dama. Ina ga an ba ni tawa."

Yana ta magana, jini na ɗiga daga yatsan hannun dama, yana sauka a rigarsa. Ni na gani, maƙerin ya gani, shi kaɗai bai sani ba.

"Gara," in ji maƙerin, "kana yoyo."

Yaya ya duba. Ya daɗe yana kallon yatsan.

"Ba nawa ba ne," ya ce. "Na wancan rabin ne, mun daina magana da shi."

Ba wanda ya yi dariya. Na yagi bakin mayafina na ɗaure masa, ina salati a zuci. Maƙerin ya tsinci ɓawon daga ƙasa, ya kai shi kusa da ido har yana taɓa hanci. Ya warware shi da yatsu a hankali, bai tsinke ba. Ya ajiye a kan uwar maƙera, ya ɗauko fatar da yake ɗaurawa a gaba in zai yi aiki, ya yanki rabi, ya naɗe hannun Yaya da ita har wuyan hannu, ya ɗaure tam.

"Kada ka ce don kai na yi. Itacen nake tausayi, kada ka ɓata shi da jini."

"Wuƙar fa?"

"In na hura wuta kai za ka zauna kusa, ka faɗa mini in ƙarfe ya nuna. In ta lalace laifin idonka ne. Miƙo hagun in auna, in ga ko akwai abin da ya rage a ciki."

Yaya ya miƙa. Maƙerin ya sa tafinsa cikin nasa, yana latsa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sai Yaya ya damƙe. Na ga jijiyar hannun Yaya ta tashi, na ga maƙerin ya yamutsa fuska yana ƙoƙarin daurewa, har ya kasa, dariya ta ƙwace masa, idonsa da ruwa.

"Sake ni, mugu. In ka karya shi da me zan ƙera maka?"